Zafi ya hana a ƙarasa min wankin haƙori

Assalamu alaikum 'yan uwa. Likitan haƙori a nan Jos ya ce ciwon dasashi ne da ni, datti ya daskare a ƙarƙashin naman, sai an kankare. Haƙoran sama sun wanku lafiya. Da aka zo haƙoran gaba na ƙasa, inda dasashin ya janye har saiwa ta fito, sai na kasa daurewa. Na'urar nan mai feshin ruwa tana taɓa wurin sai zafi ya harba min har ƙwaƙwalwa, ga ruwan da sanyi, kun dai san ruwan Jos. Dole aka dakata.

Na sha farasitamol kafin in je, a banza. Ibuprofen kuwa ba na sha saboda gyambon ciki. Man kashe zafi na lidocaine da suka shafa min, dasashi kawai ya kashe, haƙorin na nan da ransa. Yanzu da Sensodyne nake goge baki, tsamin ya ɗan ragu, amma jini bai daina fita ba.

Don Allah wanda aka taɓa yi wa: allurar kashe zafi da ake yi a dasashi tana kashe saiwar gaba ɗaya har a gama kankarewar?