Taya 285/70R17 na guga a Hilux, ina mafita?

Assalamu alaikum, masana. Hilux ce ta 2018, an ɗaga gabanta inci 2 ya daidaita da baya. Tayar kamfani 265/65R17 ce, tsayinta inci 30.6. An saka 285/70R17, mai kusan inci 33, a rim ɗin asali. A miƙe lafiya lau, amma da an murza sitiyari zuwa ƙarshe, musamman a ribas, sai ta riƙa gugar ƙarfen da bodi ke zaune a kai, bayan tayar gaba. Ɗaga gaba bai matsar da ƙarfen nan ba.

Sifesa ta milimita 25, wato faifan ƙarfen da ake sawa a bayan rim don turo taya waje, za ta magance? A ganina turo tayar waje ƙara gugar zai yi. Ko a haƙura a saka 265/70R17, wadda ba ta kai 285/70R17 girma ba? Ba a son yanka ƙarfen nan na shasi don sama wa tayar wuri.