Evergreen: wane suna za mu raɗa mata?

Jama'a, ga wani ɗan aiki. Duk mai son kare bayan gidansa daga idon maƙwabta da tsirrai maimakon katanga, abu na farko da ake ce masa shi ne ya nemi evergreen ya yi hedge, kalmomin Turanci biyu da ke neman sunan Hausa. Ita hedge ba ta da wuya, rayayyen shinge ne, an wuce wurin. Evergreen ɗin ce ta ƙi zama.

"Mai koren ganye kullum" bayani ne, ba suna ba. "Kore-shar" kuwa launi kawai ta faɗa, alhali da damina har kuka ma kore shar take.

Wasu za su ce "ƙi-rani". Da daɗin faɗa, amma gawo ya rusa ta: da rani yake cika da ganye, da damina ya kaɗe. Gawo ƙi-rani ne na gaske, kuma wanda ya yi shinge da shi zai yi damina a tone.

"Marar zubar da ganye" ma ba gaskiya ba ce. A tambayi mai sharar gindin darbejiya. Waɗannan itatuwa suna zubarwa, sai dai kaɗan-kaɗan, sabo na fitowa kafin tsoho ya ƙare. Abin da ba sa yi shi ne su tsaya tsirara.

Don haka ni na ce ƙi-tuɓe.

Ginin ba baƙo ba ne, muna da ƙi-gudu da ƙi-faɗi. Kuma ta faɗi ainihin abin da mai shinge yake nema, wato sutura shekara duka. Aguwa tana tare akuya, amma da rani ta tuɓe, ido ya wuce. Ba ƙi-tuɓe ba ce.

A gwada ta a baki: "Shuka ƙi-tuɓe mai siririn jiki idan filinka ƙarami ne." Irin Polyalthia longifolia ke nan, 'yar asalin Indiya, wadda ke miƙewa sama ba ta baje rassa. A ƙasashen sanyi Thuja Green Giant da Leyland cypress ake yayi, don suna iya ƙara kusan mita ɗaya a shekara. Saurin nan kuwa shi ke jawo rigima. Itacen da ya yi saurin rufe ka ba zai tsaya don ka ce ya isa ba, sai da aski a kai a kai. A Ingila har dokar 2003 ta ba maƙwabci damar kai ƙara wurin ƙaramar hukuma idan irin wannan shinge ya haura mita 2 yana tare masa haske.

Dokar ta haɗa har da semi-evergreen, masu rage kaya idan sanyi ko fari ya tsananta amma ba su tuɓe duka ba. Na so in ce "rage-riga". Mai wadda ta fi ta, bismillah.