Shin hana manhajoji shiga /dev/mem tsaro ne, ko tauye haƙƙin mai na'ura?

Mamman Sani: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ra'ayina shi ne takunkumin da Linux ta ɗora wa /dev/mem, wato fayil ɗin da ke ba manhaja damar isa ga ƙwaƙwalwar na'ura kai tsaye, ya fi cutar da mai na'ura fiye da yadda yake kare shi. Shekara uku ke nan wani ƙaramin allon ARM yana kunna mini famfon rijiyar burtsatse a wata gona da ke hanyar Mirriah, kuma manhajar da na rubuta tana buɗe /dev/mem ne ta rubuta kai tsaye a rajista, wato ɗan wurin da ke sarrafa fil (ƙafar allon) da ke haɗe da makunnin famfon. A makon jiya na sabunta kanel, wato zuciyar tsarin Linux, sai manhajar ta ce an hana ta izini, alhali da cikakken ikon rut, wato ikon babban mai gudanar da na'ura, nake tafiyar da ita. Kwana biyu tankin yana bushe, kuma duk wanda ke Damagaram ya san abin da rashin ruwa ke nufi a watan Afrilu. Allon nawa ne, da kuɗina na saye shi, to don me za a tsaya tsakanina da shi?

Malam Isufu: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Mamman Sani, amma ƙanena, ka haɗa matakai biyu da ya kamata a rarrabe. Na farko shi ne STRICT_DEVMEM, wanda ya shigo a 2008; shi yana hana karanta RAM, wato ƙwaƙwalwar aikin inji, ta wannan ƙofa, yana barin wuraren na'urori a buɗe, haɗe da megabait na farko a injinan x86, inda BIOS, manhajar da ke tayar da inji, take. Wanda ya kama ka shi ne na biyu, IO_STRICT_DEVMEM, da Dan Williams ya kawo a kanel 4.5 a 2016, kuma hukuncinsa shi ne duk yankin da wani direba (manhajar kanel mai sarrafa wata na'ura) ya riga ya kama, manhajar waje ba za ta taɓa shi ba. Ma'ana, akwai direban da ke riƙe da rajistar nan tun kafin manhajarka ta iso. Rajista guda takan ɗauki fil da yawa. Idan direba ya karanta ta, kai ka rubuta naka, sannan shi ya mayar da abin da ya karanta, umarninka ya goge ba tare da wani ya sani ba. Da hakan ta faru lokacin da kake nufin kashe famfon, da ya yi ta juyawa babu ruwa har ya ƙone.

Mamman Sani: Na yarda da bayanin, Malam, amma shekara uku hakan bai faru ba. Kuma batun tsaron da ake yawan faɗa bai gamsar da ni ba, domin wanda ya riga ya samu ikon rut yana iya loda nasa direban cikin kanel ya yi abin da ya ga dama. An kulle taga ne an bar ƙofar zaure a buɗe.

Rabi Abdu: Yaya Sani, wannan hujja tana da ƙarfi a da, amma yanzu ita ma ƙofar zauren ana kulle ta. Tun kanel 5.4 na 2019 akwai tsarin kulle da Matthew Garrett ya daɗe yana turawa, wanda idan aka kunna shi yake rufe /dev/mem da /dev/port gaba ɗaya, yake kuma ƙin duk direban da ba shi da sa hannun dijital na amincewa. Manufar ita ce a raba ikon rut da ikon kanel. Dalilin ba na zato ba ne: tun 2001 aka bayyana SucKIT, muguwar manhajar da ke shiga ta /dev/kmem, ƙofar ƙwaƙwalwar kanel, ta sauya kanel yana cikin aiki ba tare da loda direba ba, kuma daga baya an cire /dev/kmem ɗungurungum a kanel 5.13 a 2021. A cikin RAM ne makullan ɓoye faifai da kalmomin sirri suke zaune. Ni da nake kula da sabar da ke ɗauke da bayanan mutane, ba zan so manhaja guda da aka kutsa ta iya karanta su duka ba. Microsoft ma ta rufe irin wannan ƙofa ga manhajojin waje tun a Windows Server 2003 SP1.

Laminu mai gyara: Malama Rabi, maganarki daidai ce ga saba, amma ku dubi teburina a Kasuwar Dole. Yawancin kwamfutocin da ake kawo mini tsofaffi ne na hannu, kuma sau da yawa gyaransu shi ne sake rubuta BIOS da manhajar flashrom, wadda take buƙatar isa ga na'urar kai tsaye. Idan na ƙara iomem=relaxed, umarnin sassauta takunkumin, a layin tayar da inji, wani lokaci aikin yakan yiwu; idan kuwa Secure Boot, tsarin tantance manhaja lokacin tayar da inji, ta jawo kullen, wannan ba ya amfani, sai na shiga na kashe ta, kuma wasu injinan suna zuwa da kalmar sirrin BIOS da ba wanda ya sani. Daga nan sai kwance inji, a nemo ƴar guntuwar BIOS mai ƙafa takwas, a maƙala mata matsi da CH341A, ƴar na'urar rubuta guntu, hannu na rawa saboda zafi. Aikin minti goma ya koma na yini, mai kaya kuma ba zai ƙara ko dala ba.

Malam Isufu: Laminu, kukanka ya fi na Mamman Sani tushe, kuma ba ni da amsar da za ta share maka shi, domin duk hanyar da za ta bar ka ka rubuta BIOS daga cikin tsarin aiki, ita ce za ta bar ɓarawo ya dasa abin da ko goge faifai ba zai cire ba. Shi kuwa Mamman Sani yana da mafita tun 2016, lokacin da kanel 4.8 ya kawo /dev/gpiochip: manhaja ta nemi fil guda ta libgpiod, ɗakin karatun manhaja na wannan aiki, kanel ya ba ta shi, ya hana kowa taɓawa har ta sake shi. Masu na'urori manya suna da UIO da VFIO, hanyoyin da kanel ya tanada don manhajar waje ta sarrafa na'ura.

Mamman Sani: Zan sake rubuta manhajar da libgpiod a daren nan, tunda famfon ba zai jira mu gama muhawara ba. Amma ban janye ba a kan abu guda: canjin da zai iya tsayar da ruwan gona bai kamata ya iso a ɓoye cikin sabuntawa ba. Malam, idan wuta ta ɗauke manhajar ta mutu tana riƙe da fil ɗin, a wane hali za a bar makunnin?

Malam Isufu: Kada ka dogara da kanel a nan, domin halin fil bayan an sake shi ya danganta da direban allon. Ka sa resisto mai ja ƙasa a ƙafar makunnin, yadda famfon zai kasance a kashe duk lokacin da babu mai riƙe da shi. Turo mini hoton haɗin wayoyin kafin ka tafi gonar gobe.