Fil yana huda mini shadda, da me zan riƙe yadi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata bakwai ke nan ina koyon ɗinki. Jiya aka kawo mini shadda Getzner ta kayan lefe, na haɗa gaba da baya na soka fil kamar yadda na saba yi wa atamfa. Ina zarewa sai ga 'yan huji a jere a ƙirjin rigar, har da ɗigon tsatsa biyu. Tun jiya gabana ke faɗuwa. Ga kuma mayafin shifon da zan yi wa kalmasa, shi ma fil jan zarensa yake. Don Allah da me kuke riƙe yadi kafin ku hau keke?

Anti mai shago: Wa alaikumus salam ƙanwata, kwantar da hankalinki. Laifin ba na fil ba ne kaɗai, wurin da kika soka shi ne. Wa ya aike ki ƙirjin riga? Fil a bakin yadi ake sa shi, cikin ɗan rarar nan ta santimita ɗaya da rabi da ɗinki zai ɓoye, kuma a kwance yana bin bakin. Atamfa tana yafe wannan. Shadda kuwa an danne fuskarta ne har ta yi sheƙi, ko ƙaramin huji sai ya nuna. Ni na daina kai mata fil ma. Ƙananan kilif na roba nake sa mata, masu baki kamar na kada, ƙasansu a shafe yadda za su bi kan keke. Na kamfanin Clover na Japan su ne sanannu, amma akwai masu sauƙin kuɗi. Ki tambaya wajen masu sayar da zare da zif.

Wani tela: Hajiya ta gama magana. In ba ki samu ba, baƙin kilif na takardun ofis ma yana yi, sai dai cizonsa da ƙarfi. Ki sa ƙyalle a tsakani, kada kuma ki bar shi ya kwana a jiki. Karan-miski dai kada ki kusance shi da wannan, zai kwantar masa da gashi.

Wata 'yar uwa: Shifon fa kilif nauyi yake masa, sai ki ga ya zame ya karkace. Ki ɗauki siririyar allura da zare ki bi kalmasar da hannu, ɗinki mai faɗi-faɗi, ba ƙulli. Kin gama da keke sai ki ja zaren ya fita sumul. Kakata haka take yi, muna mata dariya wai ɓata lokaci, yanzu ga ni a kai. In lallai sai fil, ki nemi siririn da ake yi don ɗinkin siliki, kaurinsa rabin milimita, mai kan gilashi. Mai kan roba narkewa yake in dutsen guga ya taɓa shi.

Anti mai shago: Na manta, duk fil ɗin da ya fara tsatsa ko bakinsa ya dakushe ki zubar yau ɗin nan, damina ce ke cinye su. Hujin kuma ki ɗan shafa masa ruwa, ki murza da farce a hankali, ki yi guga ta ciki. Amma fara gwadawa a ragowar ƙyalle.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri Anti. Na gwada, hujin ya kusa rufewa. Tsatsar ce ta ƙi. Gobe zan kira uwar amaryar in gaya mata gaskiya, in ta yarda in ɗora aikin wuya a wurin.