Katakon sida wajen ƙyauren taga da labulen katako: ya ci kuɗinsa?

Malam Nasiru:
Assalamu alaikum. A hotunan gidajen Amurka da Kanada ana yawan ganin ƙyauren taga mai siraran katako jere, ana cewa da sida ake yi. Me ya fifita shi kan sauran katako? Zai jure ranarmu da gara kuwa?

Injiniya Habu:
Wa alaikumus salam, Malam Nasiru. A fara tantance sunan, don itatuwa daban-daban ake kira sida. Wanda ke jikin tutar Labanan daban ne, ba shi ke kasuwar katako ba. Na waɗancan hotunan jan sida ne, Thuja plicata, daga yammacin Kanada da arewa maso yammacin Amurka.

Babban amfaninsa rashin nauyi. Busasshensa kusan kilo 370 ne a mita ɗaya tsawo, faɗi da kauri, alhali iroko ya haura kilo 600. Shi ya sa ƙyauren ba ya rinjayar hinji ya sunkuya, labulen mai igiya kuma yana ɗaguwa ba wahala. Na biyu, ba ya yawan kumbura da damina ko ƙanƙancewa da hunturu, wanda shi ne ke sa siraran katakon su murɗe su ƙi rufuwa. Na uku, tsakiyar itacen na ɗauke da sinadarin da ke hana ruɓewa. Amma jan tsakiyar ne kawai ke da wannan kariyar. Farin gefen da ke kusa da ɓawo ba shi da ita, kada a karɓe shi don aikin waje.

Aibinsa taushi. Farce ma na iya yi masa shaida.

Bala Kafinta:
Injiniya ya faɗi gaskiya, sai dai yawancin ɓarnar daga hannun mai aiki take fitowa. Ƙusar baƙin ƙarfe ita ce ta farko. Da ruwa ya taɓa ta, sinadarin katakon zai haɗu da ƙarfen, sai ka ga baƙin layi ya gangaro daga kowace ƙusa, kuma wanki da sabulu ba ya fitar da shi. A sa sukuru na ƙarfen da ba ya tsatsa, lamba 304, in kusa da teku ne kamar Legas ko Akara ta Gana a sa mai lamba 316. A huda rami kafin a ɗaura, musamman a bakin katako, don yana saurin tsagewa. Tunda yana da taushi ba ya riƙe gajeren sukuru, na hinji ya zama dogo. Ƙyauren da ya wuce mita ɗaya da rabi a sa masa hinji uku.

Firam ɗin ya kai kaurin santimita 3, faɗi 5 zuwa 6, a haɗa shi da rami da harshe, ba ƙusa da gam kawai ba. Siraran kada tsawonsu ya wuce santimita 80 zuwa 90, in taga ta fi haka a raba ta gida biyu, in ba haka ba za su yi ciki a tsakiya. A bar tazarar milimita 3 a kewaye saboda damina.

Sai fenti. In ka shafa farin fenti na ruwa kai tsaye, jan ruwan katakon zai ɓullo ta cikinsa kamar shayi ya zube. A fara da fentin share fage mai mai, a shafe kowace fuska, har da bakin da aka yanka na sama da na ƙasa, nan ne ruwa ke shiga. In launin katakon ake so, man katako mai ɗan launi ya fi, a sabunta shi duk shekara 2 zuwa 3. In an bar shi tsirara rana za ta mai da shi ruwan toka.

Don Allah a riƙa sa wa yaran shago takunkumi lokacin yanka da goga. Ƙurar jan sida na jawo asma.

Hajiya Rabi:
Malam, kan gara kuwa, kada ka dogara da jan sida. Ya fi ƙarfi wajen hana ruɓewa. Wanda ya fi jure gara shi ne wani itacen da shi ma ake kira sida, Cedrela odorata, ɗan asalin kudanci da tsakiyar nahiyar Amurka, dangin maɗaci, kuma ana nomansa a gandun dajin Gana, don haka ya fi kusa da mu. Ya ɗan fi jan sida nauyi, yana da ƙamshi, amma in bai bushe sosai ba yakan tsatso da ƙaro ya ɓata fenti.

Ko wanne aka saya, katakon da ya taso daga kudu a jera shi a inuwa, da ƙananan sanduna tsakanin kowane layi, na sati 2 zuwa 3 kafin a yanka. In an haɗa shi da danshinsa, hunturun farko zai buɗe mahaɗan.

Malam Nasiru:
Na gode ƙwarai. Oga Bala, na labulen cikin ɗaki fa, wane kauri ake yanka siraran?

Bala Kafinta:
Faɗi milimita 50, kauri 3, da igiyar tallafi duk santimita 50 zuwa 60.