Shin dukan sitiyari a ƙirji yana iya lalata bawul ɗin zuciya?

Yayan Direba, Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum. Ƙanena yana jan motar haya tsakanin Jos da Abuja. Wata huɗu da suka wuce ya yi haɗari a gangaren Hawan Kibo, sitiyari ya doke shi a ƙirji domin bai ɗaura bel ba. Hoto ya nuna babu karaya, aka sallame shi. Yanzu ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga, kuma tafiya kaɗan ke sa shi haki. Likita ya ce bawul ɗin da ke ɓangaren dama na zuciyarsa yana yoyo, sai an yi masa aiki. Yaya ciwo zai ɓuya tsawon wannan lokaci?

Ma'aikacin Jinya, Bukuru:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba shi lafiya. Zuciya tana da bawul 4, wato ƙofofin da ke hana jini komawa baya, kuma ɓangarenta na dama yana kwance ne dab da bayan ƙashin ƙirji. Idan duka ya matse ta a daidai lokacin da bawul yake rufe, jijiyoyi sirara da ke riƙe da shi kamar igiyoyin laima sukan tsinke, jini ya riƙa komawa baya. A dama ƙarfin jini ba shi da yawa, shi ya sa mutum kan yi watanni, har shekaru, kafin kumburi ya bayyana. Da na hagu ne ya yage, ruwa kan cika huhu cikin gaggawa. Hoton ƙashi ba ya nuna wannan rauni, sai hoton eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da na'ura mai amfani da sauti. A wajen aikin, ana ɗora majiyyaci a kan na'urar da ke karɓar aikin zuciya da huhu, a ɗinke jijiyoyin ko a sa zobe a tsuke bakin. Ni dai ina ganin jinkiri ne abin tsoro, domin idan zuciyar ta faɗaɗa ta yi rauni, gyara kan gagara, sai dai a sauya bawul ɗin.

Maman Yara, Rikkos:
Maigidana bawul na ƙarfe aka sa masa, da dare ina jin ƙararsa kamar agogo. Zai sha wafarin, maganin hana jini daskarewa, har ƙarshen rayuwa tare da gwajin jini a kai a kai. Ku tambayi wannan tun kafin ku sa hannu.

Ma'aikacin Jinya, Bukuru:
Gaskiya ne, Hajiya. Na nama ba ya bukatar wafarin na dindindin, amma yakan gaji bayan shekara 10 zuwa 15. Akwai na alade, akwai na saniya, don haka ku faɗa wa likita zaɓinku da wuri.