Haɗe gonaki: ina ikon dagaci da ƙaramar hukuma ya tsaya?

Assalamu alaikum, masana shari'ar filaye. A wani ƙauye ana so a haɗe ƙananan gonakin gado, a sake yanka su daidai da hanyoyin ruwan noman rani. Magada uku sun ƙi yarda, dagaci ya ce ko sun ƙi za a yanka.

Sashe na 6 na Dokar Amfani da Ƙasa ta Najeriya ta 1978 ya ba ƙaramar hukuma damar karɓar fili don amfanin jama'a, ta biya diyya. To amma nan filin hannun wasu manoma zai koma. Wannan amfanin jama'a ne? Ikon dagaci ya wuce sulhu? Wace kotu ce za ta iya dakatar da awon? Don Allah a taimaka kafin a tuge shaidar iyaka.